Ramukan da Ban Zuba wa Iri Ba

A shekarar da nake ba da labari, tiya biyu kacal ta rage na irin geron gidanmu, ni kuma abin da ya rage mini na imani ban san ko ya cika tafin hannu ba. Maganar iri kowa ya san ta a gidan, domin gara ce ta shiga rumbu da rani ta yi mana ɓarna, aka tsince abin da aka tsince. Maganar imani kuwa ni kaɗai na san ta, kuma babu abin da nake tsoro a duniya kamar Kaka ya gane.

Kaka shi ne mahaifin babana. Babana ya rasu ina aji biyu na firamare, don haka a hannun tsohon nan muka tashi, ni da wana, wanda nake kira Yaya. Ƙauyenmu yana arewa da Kano, in ka sauka daga motar Ɗanbatta sai ka ƙara da babur. Babu daji a wajenmu, gona ce jikin gona, in ka yi atishawa a taka maƙwabci zai yi maka addu'a daga tasa. A lokacin Kaka ya haura tamanin, yanar ido ta rufe masa gani, ba ya bambance komai sai haske da duhu da giccin mutum. Kunnensa kuwa ba a magana. Kaza ta taka kara a bayan gida sai ya faɗa maka kazar wa ce.

Geron namu gargasa ne, mai gashi a zangarniya, tsuntsu ba ya jin daɗin sauka a kansa. Kaka ya ce daga hannun nasa kakan ya zo, kuma duk shekara bayan girbi shi da kansa yake lalubar zangarniyoyin iri ya ɗaure su daban. Tiya biyun da ta tsira ya sa aka gauraya da toka, aka ƙulle a buhu, ya tura ƙarƙashin gadonsa.

Ni a lokacin ina jami'a, muna haya mu huɗu a wani ɗaki a unguwar Rijiyar Zaki cikin Kano. A shekara ta biyu aka ɗora mana darasin falsafa, irin wanda kowa sai ya yi ko yana so ko ba ya so. Malamin ba wani fitinanne ba ne, mutum ne mai tabon sallah a goshi, da an kira azahar yake ajiye alli. Wata rana ya raba allo gida biyu. A dama ya rubuta hujjojin masu cewa akwai Mahalicci: komai yana da sanadi, sanadi kuma ba zai yi ta ja da baya babu iyaka ba, dole a tuƙe ga na farko wanda shi babu abin da ya jawo shi; sannan tsarin da ke cikin halitta yana nuna akwai mai tsarawa. A hagu ya rubuta na masu ja: in har komai sai da sanadi, me ya sa aka zo kan guda ɗaya aka ce shi ban da shi, in kuma Mahaliccin mai iko ne mai jinƙai, ina aka samo wahalar wanda bai yi laifin komai ba. Abokan ɗakina suka haddace, suka juye a takardar jarrabawa, suka fito suka karkaɗe riga. Ni na fi su maki, amma na fito da abin a maƙale a wuya kamar ƙayar kifi.

Wataƙila da ta wuce da kanta, sai dai a daminar shekarar 'yar Yaya ta rasu. Shekararta uku, zazzaɓin kwana biyu ne. Ni na rungume ta a 'yar tabarma har maƙabarta, ba ta kai nauyin damin gero ba. Masu ta'aziyya suna ta cewa Allah ya sa mai ceto ce, ina amsawa da amin, amma idona ba abin da yake gani sai gefen hagu na allon nan. Tun daga ranar sallata ta zama motsin jiki. Ina tsayawa a sahu, ina ruku'u, ina sujada, bakina yana karanta abin da ya saba, ciki kuwa wayam. Abin ya dame ni ƙwarai. Ban taɓa jin daɗin shakkar nan ko na minti ɗaya ba, kuma duk wanda ya ce maka mai kokwanto jin kansa yake wani gwani, bai taɓa yi ba ne.

Wa zan faɗa wa? Yaya, wanda yake harkar hatsi a Dawanau yana zuwa gida ranar Juma'a, mari zai fara ba ni kafin ya nemo mai ruƙiyya. Inna, mahaifiyata, kuka za ta sa. Liman kuwa zai ɗauko maganar a huɗuba ba tare da ya kama suna ba, alhali duk garin mutum nawa ne suka je jami'a? Hanya ɗaya ta rage mini, wato wasan jika da kaka. A wajenmu abin da ba ka isa ka faɗa wa ubanka ba, kana iya jefa wa kakanka shi kuna dariya. Ni ina ce masa Tsoho, shi yana ce mini ɗan boko. Sai na riƙa naɗe tambayoyina a cikin tsokana ina miƙa masa, shi kuma yana maido mini a cikin tsokana, kowa yana ganin wasa muke yi.

Da na dawo hutu a bazarar da ta biyo baya, kullum da hantsi ni ke jan hannunsa zuwa gona, mu zauna a gindin gawon da ke tsakiyarta. Gawon nan shi ne babbar hujjarsa. Yakan ce in duba, duk itatuwa da damina suke ganye, shi kaɗai yake kaɗe nasa don gero ya sami rana da taki a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'ya don awaki. Wa ya zauna ya koya masa wannan lissafi? Ni kuma in ce to wanda ya tsara gawo, shi ne ya tsara ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke tsotse saiwar gero har ya ƙanƙance? Ya ce ƙuduji ba ya cin gonar da aka ba taki, malalaci aka aiko shi ya tona wa asiri. Na buɗe baki zan ce yarinyar fa, lalacin wa aka aiko zazzaɓi ya tona, sai na haɗiye. Na san in na faɗi wannan, wasa ya ƙare.

Wata rana na ce masa da a wata ƙasa aka haife shi, da yanzu wani abin daban yake bauta wa, kuma da irin wannan ƙarfin zai rantse a kai. Ya ce da a wata ƙasa aka haife shi da bai sami jika mai surutu irina ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna masa jarrabawa gaskiya ce. Muka yi dariya. Na koma gida ina cizon yatsa, don na lura duk abin da na jefa masa sai ya cafe ya mayar da shi abin dariya, ni kuma ba dariya nake nema ba.

Ana haka lokacin binne ya zo. Binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa, geronsa ya sha ruwan da na wasu bai sha ba. In kuwa yayyafi aka yi, wanda ya isa ya ta da iri amma bai isa ya riƙe shi ba, sannan sama ta ɗauke, to tsiron zai fito ya ƙone, iri ya tafi a banza. Kaka bai taɓa fasa binne ba tun yana saurayi, har ana yi masa kirari da shi a garin. A shekarun da iri yake cike da rumbu wannan ba komai ba ne, in ya ƙone a sake. Bana kuwa babu na sakewa.

Na duba hasashen yanayi a wayata, na ga ana sa ran ɗan ruwa a cikin makon, daga nan kuma rana ce zalla har inda hasashen ya tsaya. Na faɗa masa. Ya tambaye ni ko mai wayar ya taɓa riƙe fartanya. Na ce masa wannan caca ce. Ya ce duk noma haka yake, wanda ya jira sai ya tabbata ba zai taɓa shuka ba, kuma wanda ya binne ya rasa, iri ya rasa, wanda bai binne ba aka yi ruwa, shekara ya rasa. Na gane maganar, don mun yi irinta a aji a kan imani, cewa mai yarda in ya yi kuskure asararsa kaɗan ce, mai ƙi in ya yi kuskure asararsa ba ta da iyaka. Na ce masa wannan lissafin yana aiki ne in irin yana da yawa. Ya ce in tashi in ɗauko ƙwarya.

Yadda ake yi, mutum ɗaya yana gaba da sungumi, wato doguwar fartanyar shuka, yana sara rami a kowane taku. Na biyu yana biye da ƙwaryar iri, ya ɗebo da yatsu uku ya jefa a ramin, ya tura ƙasa da ƙafa ya take da diddige. Kaka ne a gaba. Ba ya gani, amma da tafin ƙafa yake bin tsohuwar kunya, layinsa ya fi na masu ido miƙewa. Ranar farko muka yi rabin gonar na gabas, na zuba tiya ɗaya cif, raina yana ɓaci da kowane rami. Da muka koma gida na kasa zaune na kasa tsaye. Na zagaya bayan gari, na dawo, na sake duba wayar, na sake fita.

Washegari da sassafe na juye ragowar tiyar a jakata ta makaranta na ɓoye a ɗakina, na bar kamar cikin hannu uku a ƙwarya. Muka shiga rabin yamma. Kaka ya yi bismilla ya fara sara, ni kuma na bi shi ina tsoma hannu a ƙwarya, ina motsa irin ya yi ƙara, in miƙa hannu kan ramin ban saki komai ba, in tura ƙasa in take. In mun kai ƙarshen layi biyu ko uku sai in je gindin gawo kamar zan ƙaro. Maƙwabta na kewaye da mu a nasu gonakin, suna ɗaga murya suna yi mana sannu da aiki, wani har yana cewa ɗan boko bai manta gida ba. Daga nesa babu mai iya bambance mai shuka da mai kwaikwayon shuka. Haka na take ramuka sun fi dubu babu ƙwaya ɗaya a ciki, gumi yana zuba, ina satar kallon tsohon duk lokacin da ya tsaya ya gyara riƙon sungumi. Bai juyo ba ko sau ɗaya.

Bayan kwana huɗu aka yi ruwan. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas kamar abin kirki, iska ta kwashe rabinsa, abin da ya sauka bai jiƙa ƙasa ya wuce gaɓar yatsa biyu ba. Kwana uku bayan nan rabin gabas ya yi kore shar, layi-layi. Rabin yamma kuwa ko ɗigo.

A garin da gona take jikin gona, irin wannan ba ya ɓuya. Wani ya ce tururuwa ce ta kwashe, wani ya ce zabi ne suka tone, wani kuma a dandalin ƙofar masallaci ya ce gaskiya dai irin tsohon ya mutu, abu ya tsufa kamar mai shi. A gaban Kaka aka faɗa, ina riƙe da hannunsa. Na ji yatsunsa sun matse nawa kaɗan, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa ido. Irin da ya yi shekara sittin yana alfahari da shi ake zagi, alhali yana nan lafiya lau a jakata tsakanin littattafai.

Sai sama ta ɗauke. Kullum in tashi in duba gabas, in duba waya, in je gona. Wani mugun abu da na kama kaina ina yi shi ne, ban san me nake fata ba. In ruwa ya dawo tsiron gabas ya rayu, to na cuci tsohon, na hana shi rabin gona ya riga kowa kamar yadda ya saba. In bai dawo ba, ni ke da gaskiya, amma gaskiyar da za ta ƙone shukar duk garin. Aka fita roƙon ruwa a filin idi, na juya rigata kamar kowa, na ɗaga hannu kamar kowa, ina cewa amin ban san wa nake faɗa wa ba, ban kuma san ko ina so a amsa ba. Na rame a makonnin nan har Inna ta fara jiƙa mini magungunan shawara.

Tsiron ya fara naɗe ganye da rana yana warwarewa da yamma, daga baya ya daina warwarewa. Cikin mako na uku in ka murza shi a hannu sai ya zama gari. Duk wanda ya yi binne a garin ya tafka asara, aka fara tafiya kasuwar Ɗanbatta neman iri. Ranar Juma'a Yaya ya iso daga Dawanau da irin zamani a leda mai hoto, ya ajiye a gaban Kaka a zaure, ya ce a yi haƙuri, na gidan ya ƙare, kowane abu da ranarsa. Kaka ya shafa ledar, ya ture ta gefe.

Na jira Yaya ya fita gaishe-gaishe, sannan na ɗauko jakar na zazzage irin a ƙwarya a gaban tsohon. Ya tsoma hannu, ya murza, ya kai hanci ya shinshina tokar. Na faɗa masa abin da na yi, tun daga juye irin har ramukan da na take. Ina magana ina jin wani ɗan alfahari yana taso mini, ba zan ɓoye ba. A ganina yau dai hankali ya yi nasara a fili, kuma tsohon ba shi da inda zai kauce.

Ya yi murmushi ya ce, "Ka ga ikon Allah ko, ɗan boko? Ya duba duk garin nan bai ga inda zai ɓoye irin nan ba sai jakar mai gardama."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi a gabansa ba. Na ce masa da an yi ruwa mai ƙarfi zai ce Allah ne, da irin ya ƙone duka zai ce Allah ne, yanzu da ni na tsirar da shi da wayata da lissafina, nan ma Allah ne. Na ce maganar da ta dace da kowane sakamako ba ta faɗi komai ba. Na tambaye shi, me zai faru a duniyar nan wanda zai sa ya ce to, wannan kam ya nuna babu? Ya ce babu abin da zai faru. Na ce to ka gani. Sai ya ce, "Kai fa? Me zai faru ka ce akwai?"

Ban taɓa juyo da tambayar a kaina ba. Na laluba na ga ko da an yi ruwa a daidai lokacin da muka sauke hannu a filin idi, cewa zan yi dama hadarin yana hanya. Haushin rashin amsa ya sa na saki abin da na daɗe ina haɗiyewa. Na ce yarinyar Yaya fa, me ta yi, wane malalaci aka aiko zazzaɓi ya tona wa asiri a kanta? Duk wanda ya ji muryata ya san babu sauran wasa a ciki.

Ya juya irin a ƙwarya. Ya ce bai sani ba. Ya ce 'ya'ya huɗu ya binne da hannunsa, na ƙarshensu babana, kuma tambayar da nake ganin a jami'a aka ƙirƙiro ta, shi ya yi ta a bakin kabari tun ba a haife ni ba. Ba a ba shi amsa ba, bai kuma ƙirƙiro wata ya ba kansa ba. Ya ce abin da ya sani shi ne in ya ajiye Allah, yaran ba za su dawo ba, sai dai ya rasa wanda zai tambaya. Ban ce wannan hujja ce da za ta ci maki a jarrabawa ba, har yau ma ban ce ba. Amma ita ce magana ta farko da wani ya yi mini a kan abin nan ba tare da ya yi ƙoƙarin rufe mini baki ba.

Sannan ya ce ai tun layi na uku ya san ba na zubawa. Ƙwarya cikakkiya da mai rabi da wadda ta kusa ƙarewa, kowace da irin kukanta in hannu ya shiga, tawa kuwa tun safe har hantsi kuka ɗaya take yi. Na tambaye shi me ya hana shi tsayar da ni. Ya ce shi ma tsoron binnen bana yake ji, amma mutumin da aka yi shekara sittin ana yi wa kirari da abu, kunyar fasawa ta fi ƙarfinsa. Da ya ji na riƙe, sai ya ji sanyi a ransa ya ci gaba da sara. Wato ni ina ganin na yaudare shi, ashe tare muka yi.

Har na fara sakin jiki, sai ya ajiye ƙwaryar ya juyo da fuskarsa daidai inda nake.

"Ba wannan ne ya dame ni ba," in ji shi. "Tun ranar nake so in tambaye ka. In ka tsaya kusa da ni a sahu, haka kake yi? Ka taka rami babu iri?"

Abin da na yi shekara guda ina gudu ke nan. Ina iya cewa haba Tsoho, in mayar da ita wasa, kuma na san zai bar ni in tsere ta nan. Na ce, "Haka ne, Kaka." Ban tuna ranar da na taɓa kiransa da wannan sunan a gabansa ba kafin ranar.

Bai yi salati ba, bai tsine mini ba, bai kira kowa ba. Ya ce in ɗaure irin in mayar ƙarƙashin gado. Kwana biyar bayan nan bai ce mini ɗan boko ba ko sau ɗaya, sunana na yanka yake kira, a hankali, kamar baƙo. Da duka ya sa aka yi mini da ya fi mini sauƙi. In an kira sallah yakan miƙo hannu kamar kullum in ja shi, mu je mu dawo ba mai cewa uffan. Na haɗa jakata sau biyu zan koma Rijiyar Zaki, sau biyu ina kwancewa. Na tabbata na rasa shi, kuma ni na jawo.

A rana ta shida, bayan azahar, ruwa ya sauka na gaske, irin wanda yake cika kwatami ya tsaya a gona. Washegari duk garin ya fita shuka. Na ja hannunsa muka je, ina ɗauke da sungumi da ƙwarya. Tiya ɗaya rabin gona za ta yi, ya ce a zuba ta a rabin yamma, irin da Yaya ya kawo kuma a gabas. Da muka tsaya a bakin kunyar farko na miƙa masa sungumi kamar yadda aka saba, sai ya ture shi, ya laluba ya karɓi ƙwaryar daga ɗaya hannuna.

"Wuce gaba, ɗan boko," in ji shi. "Rami dai na ji kana iya takawa. Kai sara, ni in zuba, har ranar da naka hannun zai saki."

Na wuce gaba ina sara, hawaye yana hana ni ganin layi. A bayana ina jin sa yana laluben kowane rami da babban yatsan ƙafa, yana jefa iri, yana takewa, bakinsa yana motsi. Ina jin kukan ƙwaryar yana sauyawa kaɗan-kaɗan har ta ƙare. Geron ya yi kyau a shekarar, ya zaɓi zangarniyoyin iri da hannunsa, waɗanda suka ce irin ya mutu suka zo roƙo ya ba su.

Damina biyu muka ƙara yi a haka, ni a gaba shi a baya, a gona da kuma hanyar masallaci. Bai sake tambayata ba, ni ma ban yi masa ƙaryar cewa abin ya wuce ba. A rani na uku ya rasu.

Yanzu ina koyarwa a cikin birni, na karanta littattafai da yawa a kan gefen dama da gefen hagu na allon nan, kuma ba zan ce na rufe lissafin ba. Akwai shekarun da nake jin zuciyata ta zauna, akwai waɗanda ƙayar take dawowa. Irin yana wajena, ni nake zaɓen zangarniya. Duk shekara in ruwa ya sauka nakan hau motar Ɗanbatta in je in ɗauki sungumi, kuma har yau in na kai ƙarshen layin farko sai na waiwaya, ban san me ya sa ba, sai in ga ramuka a buɗe babu kowa a bayana. Sai in jingine sungumin a jikin gawo, in ɗauki ƙwarya, in koma farkon layi. Wani lokaci bismillar takan fito daga can ciki, wani lokaci daga baki kawai, amma ban sake take rami babu iri ba.